Kafin Ka Sayi Babbar Sifika, Tambayi Aljihunka, Kunnenka Da Maƙwabcinka



Ina gaida 'yan uwa na cikin garin Kafanchan, da na Zonkwa, Kagoro, Gidan Waya, Godogodo, Kwoi da Kachia, da ma waɗanda neman abinci ya kai su Jos, Kaduna ko Abuja amma zuciyarsu tana gida. Da fatan kowa yana lafiya. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zamani?

Maganar da na ɗauko yau, wani zai ga kamar ba ta kai a zauna a rubuta ba. Maganar sifika ce, wato kayan sautin nan da muke ajiyewa a falo ko a ɗaki. Amma duk wanda ke zama a majalisar samari ko ta magidanta ya san ba ƙaramar magana ba ce. Da zarar kaka ta yi, an sayar da citta ko masara kuɗi sun ɗan shigo hannu, ko azumi ya gabato, ko an sa ranar biki, sai ka ji ta taso: wane ya sayo mai wufa biyu, ta wane har bakin titi ake jinta, ni ma tawa ta tsufa, canza ta zan yi. Kafin ka ankara mutum ya kwashi kuɗin da zai iya zama jari ya kai wa mai shagon kayan wuta, ya dawo da kwali a bayan mashin yana murmushi.

Ra'ayina dai, wanda zan yi ƙoƙarin karewa a nan, shi ne: abin da ke damun mafi yawanmu a gida rashin fitar magana tangaran ne, kuma ƙaton akwati ba ya maganin wannan. Sau da yawa gyara da sauya wa sifika wurin zama sun wadatar. Idan saye ya zama dole, to akwai yadda ake saye. Sannan a gari irin namu, ƙarar da ta tsallake katangar gidanka ta daina zama taka kai kaɗai. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me Kake Saurare?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita ce ba a cika yi ba. Mu Hausawa mutanen kunne ne. Da yawa daga kakanninmu layin dogo suka biyo suka zauna a garin nan, bayan jirgin ƙasa ya iso a wajajen 1927 ya mai da Kafanchan mahaɗar hanyoyin Fatakwal, Kaduna da Jos. Daga baya, babu abin da ya riƙa haɗa su da Kano ko Zariya ko Katsina kullum safe da yamma kamar akwatin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Da azumi a saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi. Da kaset ya zo, sai Shata, Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suka shiga kowane shago. Yau an koma memori da waya, amma ka duba abin da ke ciki: karatun Alƙur'ani, wa'azi, labaran duniya, littattafan da ake karantawa, fim ɗin Hausa, sharhin ƙwallo. Kusan duk muryar ɗan Adam ce.

To ina ruwan murya da wufa? Sauti dai kaɗawar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga kamar sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Ita wufa aikinta can ƙasa ne, wajen gurnani, kamar daga 100 zuwa ƙasa, irin dukan ganga na kiɗan zamani da fashewar bam a fim ɗin Amurka ko na Indiya. Magana kuwa, abin da ke sa a gane ta a tsakiya yake. Shi ya sa tsohon layin tarho, da ke ɗaukar 300 zuwa 3,400 kawai, kana jin abin da ake faɗa maka har ka shaida mai maganar. Bambancin sin da shin a bakin mai karatu a sama yake. Kuntigin Ɗanmaraya ma siririn sauti ne. Saboda haka idan ka ƙara wufa ka murɗa ta, sai ka ji malam kamar daga cikin randa yake magana: ƙara ta yi yawa, amma kalmomin sun dusashe. Sai ka sake ƙara murya don ka gane, abin ya ƙara dagulewa.

Wanda kiɗan zamani yake so, ko kallon fim da daddare, shi wufa za ta yi masa amfani, ban musa ba. Amma ya san don me ya saya.

Lambar Da Ke Jikin Kwali

Mai karatu, ka taɓa shiga shago ka ga kwali an rubuta wat 5,000 ko 10,000 da manyan baƙaƙe? Ka duba gefe da kyau, sau da yawa za ka ga wasu ƙananan baƙaƙe, PMPO. Wannan lambar talla ce. Babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka amince da shi a kanta, kowa yadda ya ga dama yake lissafa tasa. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, domin ita ke nuna ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa tana aiki, kuma za ka tarar ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da waccan.

Ga wata dabara mai sauƙi wadda ba ta buƙatar ilimin injiniya. Ka juya bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai rubutun da ke faɗin yawan wutar da take ja. Idan wat 60 take ja daga bango, ta ina za ta fitar da 5,000? Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun san ba a awon mudu ɗaya a sayar da buhu. Wannan rubutun na baya ya fi na gaba gaskiya.

Abu na biyu da masu shago ba sa faɗa: ninka wat ba ya ninka ƙara. Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Idan ka tashi daga wat 50 zuwa 100, desibel 3 kacal ka ƙara, wanda kunne zai ji ɗan bambanci ne kawai. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninku, sai ka ninka wat kamar sau goma. Ka ga ke nan wanda ya sayar da mai 50 ya cika kuɗi ya karɓo mai 100, ya biya kuɗi mai yawa a kan abin da da ƙyar zai ji. A ɗaki irin namu, mai ƙafa 12 kowace kusurwa ko ɗan abin da ya fi haka, wat 20 zuwa 30 na gaskiya a kowane ɓangare sun isa su hana mutum biyu jin maganar juna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wuta Kafin Kaya

Duk wani kayan sauti bawan wuta ne. Wutar da har yau muke kira ta Nepa, ko da yake sunan ya daɗe da shuɗewa, kamata ya yi ta zo a wajajen bolt 230. Amma kowa ya san yadda take yi a ƙasar nan: wani lokaci ta zo ba ƙarfi har kwan fitila ya yi ja, wani lokaci ta zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Ga kuma tsawa da walƙiya na daminar kudancin Kaduna, waɗanda ba su da wasa. Mutumin da zai zuba dubban nairori a kan sabuwar sifika alhali ba shi da sitabilaiza, ya gina ɗaki ne bai yi masa ƙofa ba. Haka kuma idan hadari ya haɗo, a zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashewa da rimot bai isa ba.

Sai maganar janareta. Ƙaramin injin nan da yawancinmu ke da shi, wutarsa hawa da sauka take yi, kuma shi kansa ƙara gare shi, wadda ke tilasta maka ƙara murya don ka danne tasa. Ga kuɗin mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajajen 500, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala kuwa, daga wajajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su. A shekarar 2023 ɗin ce kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, manoma suka yi asara, mu da iyayenmu ke saye da sayarwa a hannunsu ma muka ji a jikinmu. Kuɗin da aka samu bayan irin wannan wahala bai kamata a kashe shi da ka ba.

Shi ya sa nake ganin wanda ke da 'yan kuɗi a hannu, gara ya fara da ƙaramin faifan sola da batir, ya haɗa da ƙaramar amfilifaya mai aiki da bolt 12, ko rediyo mai caji da ke cin memori. Wannan zai ji tafsirinsa da labaransa ko da wuta ko babu. Mai ƙatuwar hom tiyata kuwa (wadda dai ba a yi wa kowa fiɗa a cikinta), ranar da babu wuta babu mai, sai dai ya ɗora mata kwanon furanni ta zama ado.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Kafin ka yanke wa tsohuwar sifikarka hukunci, ka bincika me ke damunta. Da yawa daga tsofaffin kayan National, Sony, Sharp, Kenwood da Aiwa da ke gidajenmu, akwatinsu da maganaɗisunsu sun fi na sababbi masu araha nauyi da inganci. Abin da kan lalace kaɗan ne. Ko dai soson da ya zagaye bakin takardar ya ruɓe, ko siririyar wayar da aka naɗe a ciki ta ƙone, ko ɓera da kyankyaso sun ci takardar, ko ƙurar hunturu ta shiga maɓallin murya yana ƙarar-ƙarar idan an murɗa. Duk waɗannan mai gyaran rediyo yana iya yinsu, da kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba. Ka ga an taimaki aljihu, an kuma taimaki mai sana'a na cikin gari.

Wasu matsalolin ma ba sa buƙatar ko sisi. Ga kaɗan daga ciki:

Na ɗaya, ka duba wayoyin baya. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Idan aka juya ɗaya, sifikun biyu sai su riƙa jayayya, ɗaya na tura iska ɗaya na ja, sauti ya fito ba nauyi.

Na biyu, ka ɗaga ta daga ƙasa. Sauti siriri miƙe yake tafiya, don haka a ajiye sifika daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, tana fuskantarsa. Wannan kuma zai tsare ta daga danshin damina, domin akwatin da aka yi da garin katako da ya sha laima kumbura yake yi ya wargaje.

Na uku, ka raba ta da lungu. Sifikar da aka cusa a kusurwar ɗaki ko cikin kabad gurnaninta yawa yake yi. Ka janyo ta ko da taƙi ɗaya ne daga bango, ka kuma raba tsakanin ta dama da ta hagu, kada ka jera su kamar buhunan masara.

Na huɗu, ɗakin kansa. Falo mai tayil da bango tsirara da rufin kwano ba silin, amsa-kuwwa yake yi. Kafet ko darduma, labule mai kauri da kujerun kushin suna shanye wannan kuwwa. Sau da yawa mutum yana zargin sifika alhali ɗakin ne ke da laifi.

Idan Saye Ya Zama Dole

Akwai lokacin da gyara ba ya yiwuwa, ko kuma mutum yanzu zai fara kafa gida. To ga shawarata.

Ka tafi shago da abin da ka saba ji a wayarka: karatun alarammar da ka san muryarsa, labaran rediyo, da waƙa ɗaya da kake so. Mai shago kiɗa mai dukan ƙirji zai sa maka, ya ƙure murya, domin ya san shi ke ruɗar mai saye. Kai kuwa ka ce a sa naka, kuma a rage murya. Sifika mai kyau a ƙasa-ƙasa ake gane ta. Idan a hankali kana jin kowane harafi, to ta yi. Sannan a ƙara a hankali har inda za ta fara karkarwa ko tsatsa, ka san nan ce iyakarta, kuma kada ka riƙa kai ta can a gida. Yawancin sifikun da ke ƙonewa, ƙure murya ne ke kashe su, musamman idan amfilifayar ƙarama ce ana tilasta mata abin da ya fi ƙarfinta. Idan ka ji ganga na zaƙi, ai ta kusa fashewa.

Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka ƙwanƙwasa jikin akwatin. Idan ya yi ƙarar fanko kamar gwangwani, ka ajiye. Fitilu masu walƙiya ja da kore ba sa ƙara komai a sauti. Sifika biyu masu kyau sun fi guda shida na roba da za a zagaye falo da su, waɗanda bayan wata uku yara sun tsinke wayoyinsu.

Idan sifika daban za ka haɗa da amfilifaya daban, ka duba lambar om da ke bayansu, yawanci 4 ko 6 ko 8, ka tabbata sun dace. Masu ɗaura sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya su sani sun mai da ita 4, kuma amfilifayar da ba a yi ta don haka ba zafi za ta ɗauka har ta mutu.

Kayan gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, akwai na ƙwarai a ciki, amma a kula. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake ci, na Japan 100. Ka soka shi a tamu ba tare da na'urar rage wuta ba, hayaƙi kawai za ka gani. Game da wurin saye kuwa, kayan dai akasari daga kasuwar Alaba ta Legas ko Onica suke fitowa, ko ka saya a nan, ko Jos, ko Kaduna, ko Sabon Garin Kano. Ni na fi son a saya kusa da gida ko da da ɗan ƙari, a gwada a gabanka, a ba ka rasit, a yi maganar mayarwa tun kafin kuɗi su bar hannunka. Ragin da ka samu a nesa, kuɗin mota zai cinye shi ranar da kayan suka ba da matsala.

Bari in ɗan taɓo kayan ɗaki. Yanzu an wayi gari kamar jeren amarya bai cika ba sai an ga dogayen sifiku biyu sun sa talabijin a tsakiya. Uba ya ci bashi, uwa ta sayar da akuya, don kada dangin ango su yi magana. Alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 aka tsayar a 2024, kuma yawancin iyayenmu ko albashin ba su da shi. Iyayenmu mata, don Allah a duba. Keken ɗinki ko sola mai fitila da fanka sun fi amfanar yarinya a gidan miji. Daidai ruwa daidai tsaki.

Katanga Ba Ta Tare Sauti

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Siririn sauti bango yana tare shi, amma gurnanin wufa ratsa bulo yake yi kamar babu. Kai a falonka waƙa kake ji, maƙwabcinka kuwa dum-dum kawai ke dukan kansa. A gidan haya mai ɗakuna a jere, wannan maƙwabcin yana iya zama mai jego da jariri, ko tsoho mai hawan jini, ko ɗalibi mai shirin jarrabawa, ko mai gadi da ya kwana a tsaye yake neman barcin rana, ko mai salla da kake ruɗa masa karatu. Haƙƙin maƙwabci a addininmu ba sai na tsaya bayani ba, kowa ya sha ji a bakin malamai, kuma ba su ce sai maƙwabci Musulmi kaɗai ba.

Mu kuma ba a Kano ko Katsina muke ba, inda kusan kowa a layinku abin da kake saurare shi yake saurare. Muna zaune ne da mutanen Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Kagoro da Ham, ga Ibo da Yarbawa da aikin jirgi ya kawo kakanninsu kamar yadda kasuwanci ya kawo namu. Tarihin garin nan kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Rikicin watan Maris na 1987 daga kalaman wa'azi ya faro a Kwalejin Ilimi, kafin ya bazu har Zariya, Kaduna da Funtuwa. Aka sake yi a 1999. A watan Afrilun 2011 bayan zaɓe, an rasa rayuka, kasuwa ta ƙone, kowane ɓangare yana da wanda yake kuka da rashinsa har yau. Tun daga nan zama ya rarrabu, unguwanni suka ware. Amma iska ɗaya ce ke kaɗawa a kan garin, kuma sauti bai san iyakar unguwa ba.

Ban ce sifikar falo ce ta taɓa tayar da rikici ba. Abin da nake cewa shi ne, a wurin da zukata ke da tabo, ƙaramin abu yana fama shi. Ka ɗauki wa'azin da wani malami ya yi a wani gari mai nisa, a gaban mutanensa, yana muhawara mai zafi a kan addinin wasu. Shi ya gama ya koma gidansa. Kai ka ɗauko ka sa a sifika ka buɗe taga, a garin da wanda ake maganar addininsa yana wucewa ta ƙofar gidanka. Malamin ba zai haɗu da shi gobe a tasha ko a asibiti ba, kai ne za ka haɗu da shi. Idan ilimi kake nema, ka saurara a ɗakinka, zai ma fi shiga. Hatta karatun Alƙur'ani, malamai sun koya mana a yi shiru a saurara idan ana yinsa. Wanda ya ƙure shi a sifika ya fita tsakar gida yana hira da dariya, bai girmama karatun ba.

Na san abin da wani zai ce, domin na sha ji: "Su fa? Ai su ma suna kwana da lasifika a coci, ga kiɗan biki, ga na gidajen shaye-shaye, babu mai ce musu uffan. Don me mu ne za mu rage?" Wannan ƙorafi yana da gaskiya a cikinsa, kuma ni ma ya sha hana ni barci. Haka su ma idan ka zauna da su, suna da irin nasa a kanmu. Amma mu duba inda wannan hanya za ta kai mu. Na faɗa a baya cewa sai ka ninka wat kafin ka ƙara desibel 3. Wato gasar ƙara gasa ce da kowa zai yi ta zuba kuɗi, babu mai cin nasara sai mai shagon kayan wuta, kuma 'ya'yanmu da nasu ne za su rasa barci tare. Sannan ranar da za ka je wurin mai unguwa ko shugabannin al'umma da kukan ƙarar wani, maganarka za ta yi nauyi ne idan an san gidanka ba ya damun kowa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tun 2009 hukumar NESREA ta tarayya take da ƙa'idojin hana yawan ƙara, masu bambanta dare da rana. A 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kai ƙudirin dokar wa'azi gaban majalisar jiha, wanda ya taɓo lasifika da sa kaset ɗin addini a bainar jama'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce daga Musulmi da Kirista har maganar ta kai kotu. A shekarar ce kuma wakilan al'ummomin kudancin Kaduna suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya da ke ɗauke da sunan garin nan. Manya sun yi nasu a takarda. Amma babu ɗan sandan da zai shigo falonka ya riƙe maka rimot. Wannan tsakaninka da Allah ne.

Gwaji mai sauƙi: ka kunna kayanka yadda ka saba, ka fita ka rufe ƙofa, ka tsaya a ƙofar maƙwabcinka. Idan kana iya bin kalmomin daga can, to ya yi yawa. Bayan sallar isha'i kuwa a ƙara ragewa, a kashe wufa.

Kunne Ba Shi Da Gwanjo

Na ƙarshe, lafiyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'auninta ga babban mutum shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Ba ka da na'urar awo? Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, an wuce gona da iri. Idan bayan ka kashe kana jin kunnenka na ƙugi, gargaɗi ne. Abin da ƙara ta kashe a cikin kunne ba ya dawowa, kuma babu mai gyaran rediyon da zai naɗa maka sabo.

Ga masu cewa don Baba ko Inna suke son babba saboda jinsu ya ragu, niyyar mai kyau ce, Allah Ya saka da alheri. Amma ƙaramar rediyo ko 'yar sifika mai bulutut da za a ajiye kusa da kunnensu ta fi yi musu amfani a kan ƙatuwa a can ƙarshen falo. Kuma a kai su asibiti a duba kunnen, wani lokaci datti ne kawai ya toshe.

Kammalawa

A taƙaice dai 'yan uwa, ban ce kada a ji daɗi ba. Wanda ya wuni a kasuwa ko a kan mashin yana da haƙƙin ya dawo gida ya ji abin da ransa ke so da sauti mai daɗi. Amma a bi tsari: a fara da wuta, a gwada gyara, a sauya wurin zama, sannan in ya kama a saya, a saya da kunne, daidai ɗaki daidai aljihu. Wanda Allah Ya hore wa ya sayi babba, Allah Ya sa alheri, sai dai ya tuna maɓallin da ke ƙara murya shi ne kuma ke rage ta. Iyayenmu sun sha wuya kafin su kafa mana zama a garin nan, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.